Abin da na ji a bakin tekun Badagry

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni matar direban tirela ce, haihuwar Fagge a Kano, aure ya kai ni Unguwa Uku. 'Ya'yanmu uku: Babba, wanda a lokacin yake aji biyu na ƙaramar sakandare, sai ƙanwarsa, sai Auta. Abbansu kwantena yake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ya kawo Kano, yawanci kayan 'yan Kantin Kwari. Allah ya karɓi abinsa a hanya cikin watan Maris na 2023, ana shirin ɗaukar azumi, tsakanin Jebba da Mokwa. Labarin da zan bayar na hutun ƙarshen waccan shekarar ne, da zuwan da muka yi bakin teku ni da marayuna. A can Allah ya sauke mini wani nauyi da na yi watanni ina dakonsa, kuma ban ga dalilin ɓoye ni'imar da ya yi mini ba.

Ban ga gawarsa ba. Da asuba abin ya faru, kafin la'asar mutanen Mokwa sun yi masa sutura, yadda addini ya ce a gaggauta. Duk wanda ya ga farkon 2023 ya san halin da ake ciki: an canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin ana gudunsu, sababbin babu su, mutum da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa. Ƙannensa sai da suka yini suna zagayen masu POS kafin su haɗa kuɗin mota, suka isa an riga an dawo daga maƙabarta. Abin da suka kawo mini agogonsa ne da hularsa da wayarsa, fuskarta duk ta farfashe. Yaron motarsa yana kwance a asibiti ƙafa ta karye, bai san inda kansa yake ba, daga can danginsa suka wuce da shi ƙauyensu wurin mai ɗori.

Tun kafin sadakar bakwai magana ta fara yawo, har a tsakar gidana, a bakin masu zuwa gaisuwa. Wai barci ne ya kwashe shi a kan sitiyari. Wasu har da ƙari, wai ai direbobin manyan motoci ba sa tuƙi sai da ƙwaya. Mutumin da ko sigari bai taɓa kaiwa bakinsa ba, shayi ne kawai abin shansa, in barci ya zo masa ya faka ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Na san mijina. Amma ba na cikin motar, da me zan rufe bakin mutane? Kuma in dare ya raba, shaiɗan ya kan zo ya raɗa mini cewa to in gaskiya ne fa, in gajiyar neman abincinku ce ta kashe shi fa?

Na yi takabata wata huɗu da kwana goma, azumi da ƙaramar salla da babbar salla duk a ɗaka suka same ni. Ina ciki aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kafin in fita lita ta haura naira 600, kwanon masara da na shinkafa suka bi ta. Keken ɗinkina ne ya riƙe mu, sai abin da 'yan'uwa suka miƙo. Yunwa dai ba ta kwantar da mu ba, alhamdulillahi. Abin da ya fi ci mini rai Babba ne. Wani yaro ya gaya masa a makaranta cewa ubansa barci ya yi ya kashe kansa, suka yi dambe har aka kira ni. Daga ranar ya rufe bakinsa. Ya daina zuwa ƙwallo, ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ƙannensa, in na yi masa magana sai "to, Umma", shi ke nan. Wata rana ya ce mini zai bar makaranta ya bi mota, tunda yanzu shi ne babba a gidan.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, yana zaune a Agege tun ina budurwa. Goro yake saya a Shagamu yana ɗaurawa yana turowa Arewa. Da Disamba ta kama ya fara kira: ki kwaso yaran nan ku zo ku yi hutu. Na ce masa kuɗin mota kaɗai ya isa abincinmu na wata. Ana nan gwamnati ta sanar da rage rabin kuɗin manyan motocin haya da shiga jirgin ƙasa kyauta daga 21 ga Disamba zuwa 4 ga Janairu, sai ya sake kira ya ce, "Kin ji dai a rediyo. Kuma ko da ragi ko babu, ni zan biya. Ba shawara nake ba ki ba, ƙanwata, umarni ne."

Nan ma bakin mutane bai bar ni ba. Miji bai shekara a ƙasa ba za ta tafi yawon buɗe ido, kuma Legas, kuma lokacin Kirsimeti. Har yau wannan magana tana ba ni haushi. Allah da ya halicce mu ya yanka wa mace kwanakinta, ta cika su, amma jama'a sai su ɗora mata wata takabar ta su da ba ta da ranar fita. In ta yi dariya a duba ta, in ta sa sabon zane a ƙirga mata watanni. Namiji kuwa matarsa ta rasu, kafin arba'in ana nema masa wata. Wadda ta kashe maganar surukata ce, mahaifiyar marigayi, Allah ya ƙara mata lafiya. Na je na durƙusa na gaya mata, ta ce, "'Yar nan, tashi ki je. Ɗana ya sha gaya mini zai kai yaran nan su ga teku. Bai samu iko ba, ke ki kai su."

Gaskiya ta faɗa. Duk dawowarsa da labarin teku yake dawowa. In layin shiga Apapa ya yi tsawo, mota ta yi kwana da kwanaki ba ta motsa ba, sai ya bar yaron mota ya je bakin ruwa ya ɗauko musu ƙarar igiyar ruwa a waya. Su kwanta a jikinsa suna saurare, Auta yana tambaya wai wa yake kunna ta.

Muka hau doguwar motar nan da ke tashi daga Sabon Gari, cikin sanyin hunturu, kowa da rigar sanyi da man shafawa a leɓe. Zariya, Kaduna, daga nan dare ya rufa. Hanyar da ya yi shekaru yana bi ke nan, ni kuwa ban taɓa wuce Kaduna ba. Yara suka yi barci, ni idona biyu. Da kwandasta ya ambaci Mokwa na leƙa ta taga, ba abin da na gani sai fitilun masu shayi da tireloli jere a gefen titi. Na yi masa addu'a a zuciyata, na rufe fuska da mayafi. Gari ya fara wayewa muna kan gadar Jebba, kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa. Na juya na ga Babba ma ashe ba barci yake ba, ya kafa goshi a gilashi. Bai ce komai ba, ban ce komai ba. Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, rigunan sanyi suka koma jaka, muka shiga Legas jiƙe da gumi.

Agege ta ba ni mamaki. Na zaci zan zama baƙuwa, sai na tarar da masu waina da masu fura da masu yankan farce, kiran salla ta ko'ina, Hausa a kowane lungu, sai dai ta wasu ta gauraya da Yarabanci. Yayana ya ce goro da jirgin ƙasa ne suka zaunar da Hausawa a nan tun zamanin Turawa, akwai gidajen da kakanninsu ma a nan aka haife su, har da Sarkin Hausawansu. Matar Yaya, Anti, ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ta ba ni ɗakinta, ta hana ni taɓa ko tsintsiya. Da safe burodin Agege da wake dafaffe mai baƙin yaji, yaran suka ci har suna lashe hannu.

Gidan haya ne, mutum da yawa, Musulmi da Kirista. Jajibirin Kirsimeti maƙwabciyarsu, wata dattijuwa Bayarabiya, ta aiko jikanta da kaji biyu a hannu wai Alhaji ya taimaka ya yanka. Yaya ya fuskanci gabas ya yanka musu. Anti ta ce duk shekara haka suke yi, don in sun dafa kowa a gidan ya iya ci, su ma da babbar salla cinya guda ake kai mata. Washegari kuwa sai ga kula cike da shinkafa dafa-duka da nama. Dattijuwar da ta ji ni ce aka yi wa rasuwa ta shigo da kanta, ta kama hannuna ta daɗe tana magana da Yarabanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma hawayenta na gani. A ranakun ne kuma labarin kashe-kashen Bokkos da Barikin Ladi a Filato ya iso, ga na Tudun Biri da aka yi a farkon watan bai bar bakin mutane ba. Aka zauna a tsakar gida ana jajanta wa juna, kowa da nasa mamacin a ƙasar nan.

Abin da ban sani ba, Yaya ya daɗe yana cigiya a garejin manyan motoci. Ranar da ta biyo bayan Kirsimeti da yamma ya yi sallama da baƙi: direbobi abokan marigayi, sun zo gaisuwa. Babbansu ya ajiye ambulan a gabana, ya ce kuɗin adashen Abban yara ne da suke yi a tsakaninsu, kwasarsa ta zo bayan ba shi, suka ajiye suna neman hannun da za su damƙa wa. Babu takarda, babu shaida, ni ban ma san da adashen ba. Waɗannan su ne mutanen da ake zagi da 'yan ƙwaya. Allah ya saka musu da Aljanna.

A bayansu, can bakin ƙofa, wani saurayi yana tsaye da sanda, kansa a ƙasa. Yaron motar ne. Ya rame har sai da na sake dubawa. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Kunya ce ta hana ni zuwa. Ni na tashi, Oga bai tashi ba." Kuka ya ci ƙarfinsa, ni ma haka, maganar ba ta yiwu ba a ranar. Yaya ya ce masa, "Gobe za mu kai yara bakin teku, da kai za a je."

Marigayi Bar Beach yake yawan ambata, inda ya fara ganin teku yana yaron mota. Yaya ya ce ai wannan ta zama tarihi, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin da ake kira Eko Atlantic. Na wajen Lekki kuma yawanci sai an biya kuɗin shiga, ga kiɗa da cunkoso a irin wannan lokaci, ba wurin da zai kai ƙanwarsa da hijabinta ba ne. Ya ce Badagry za mu, can kusa da iyakar Seme ta ƙasar Benin.

Muka yi sammako a motar wani abokinsa, Anti ta cika kuloli da dambun shinkafa da soyayyen kifi da zoɓo. Iyana-Ipaja, Igando, muka faɗa babban titi a Iyana-Iba, Okokomaiko, Agbara. Daga nan shingayen jami'ai suka yawaita, kwastan da 'yan sanda da sauransu, saboda hanyar fasa-ƙwauri ce. Gidaje suka fara raguwa, bishiyoyin kwakwa suka fara yawa, iska ta canja.

Badagry gari ne na mutanen Egun, a kwance yake, ba hayaniyar Legas. Yaya mutum ne mai son tarihi, rediyo ba ya barin kunnensa, don haka bai yarda mun wuce ruwa kai tsaye ba. Ya nuna mana benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da wurin da bishiyar Agia take a da, inda aka yi bikin Kirsimeti a 1842. Ya ce wa Babba, "Ka ga hanyar da ubanka yake bi? Tsohuwa ce. Wani Bature Clapperton a nan ya sauka a 1825, ya bi ƙasa har Kano, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya mutu a 1827." Babba ya ɗaga kai ya dube shi. Na lura, domin ya daɗe bai dubi mai yi masa magana a ido ba.

Sai gidan Seriki Williams Abass, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Mai yi mana bayani ya ce ɗakuna 40 ne, kowanne a cusa masa mutum 40. Na shiga ɗaya, 'yar taga ce can sama, mu kaɗan ma numfashi ya yi mana wuya. Aka nuna mana sarƙoƙi, har da ƙanana na yara. Ƙanwar Babba ta ɗaga ɗaya ta kasa, ta tambaye ni, "Umma, su wane ne aka ɗaure?" Yaya ya ce mata har da mu. Ya ce Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe an gangaro da su ta waɗannan gaɓoɓi an kai su Bahia a ƙasar Brazil, kuma ba su kwanta ba: tun 1807 suke shirya bore, a 1835 kuma cikin watan azumi bayi Musulmi suka tashi a birnin Salvador, aka tarar da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Shi kansa mai gidan, in ji mai bayanin, bawa ne a da, kuma Musulmi ne. Wannan ta tsaya mini a rai, ban ji daɗinta ba, amma gaskiya ba ta zama ƙarya don ta yi ɗaci.

Tsakanin garin da teku akwai wani ruwa kwantacce, sai an haye shi a kwale-kwale mai inji zuwa tsibirin Gberefu. Aka ɗaura mana rigunan kariya a kan hijabi, na riƙe Auta gam, bakina bai bar "Bismillahi majreha wa mursaha" ba har muka taɓa ƙasa. Daga nan tafiyar ƙafa ce a cikin rairayi, rana ta take, hanyar da bayi suka bi zuwa inda ba a dawowa. A tsakiya akwai wata tsohuwar rijiya da aka ce ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. Yaron motar yana baya yana dogara sandarsa, rairayi yana cinye ta, Babba ya rage sauri ya kama masa hannu.

A wannan tafiyar wani tunani ya zo mini wanda bai taɓa zuwa ba. Kowane mutum da ya taka hanyar nan yana da uwa, wani yana da mata da 'ya'ya a Katsina ko Zazzau ko Gobir, kuma har suka mutu ba su san ko yana raye ba, ba su san ƙasar da ta rufe shi ba, ba su san ko an yi masa salla ba. Ni na san garin da nawa yake kwance. Na san Musulmi ne suka ɗauke shi. Na ce alhamdulillahi, kuma a ranar daga zuciyata ta fito.

Kafin mu ga tekun mun ji shi, wani irin ruri kamar an tayar da manyan motoci ɗari lokaci ɗaya. Auta ya ƙwace hannunsa ya ce, "Umma, na wayar Abba ne!" Muka hau wani ɗan tudu, sai ga shi. Na sha ganinsa a talabijin, na je Tiga, na ga Kwara a Jebba, amma duk ruwan da na taɓa gani yana da ɗaya gefen. Wannan babu. Ruwa ya tafi har ya haɗu da sama, igiya ta taso ta fi tsayin mutum, ta fashe ta yi fari, ta shimfiɗo har ƙafafunmu, ta koma tana janye rairayin da muke tsaye a kai. Ba abin da ya zo bakina sai Allahu Akbar. Na yi ta maimaitawa.

Wani masunci da ke gyaran taru ya zo ya yi wa Yaya kashedi da Turancin Buroka: kada yara su wuce idon sawu, ruwan nan yana da ja, ko gwanin iyo yana tafiya da shi, kuma lokacin hutu ne ya fi cin baƙi. Muka ja layi a rairayi muka ce ba mai ƙetarewa. Hakan bai rage musu komai ba. Suka yi ta tsere da igiyar ruwa, suka cika leda da bawon kifi da katantanwa, Auta ya ɗanɗana ruwan ya tofar yana ihu wai an zuba gishiri. Anti ta sayo kwakwa ɗanya aka fasa mana. Da azahar ta yi yarinyar ta ce an koya musu a Islamiyya ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, to yau sai ta gwada. Duk muka yi da shi. Yaya ya ja mu salla a inuwar kwakwa, tekun yana hannun damanmu.

Bayan mun ci abinci, yara ƙanana sun koma wasa da Anti, Babba ya matso gaban yaron motar ya zauna. Ba wanda ya sa shi. Ya ce, "Don Allah ka gaya mini gaskiya. Abba barci ya yi?"

Saurayin ya zaro ido. Ya ce, "Wa ya ce? Wallahi tallahi, Oga idonsa biyu." Ya ce sun kwana a Jebba, suka tashi suka yi sallar asuba, suka sha shayi, sannan suka kama hanya. Oga yana jan carbi da hannu ɗaya yana yi masa faɗan ya riƙa tura wa mahaifiyarsa kuɗi. Suna gangarowa wata kwana sai ga bas cike da fasinja ta kauce wa rami ta shigo hannunsu gaba ɗaya. Mota mai kaya ba ta tsayawa nan take, ko an taka burki nauyin kwantena yana turo ta. Ya ce, "Hajiya, abu biyu ne a gabansa, ko ya hau kan bas ɗin nan ko ya sauka daji. Ya ce mini riƙe da kyau, ya yi salati, ya karya sitiyari. Ɓangarensa ne ya bugi ƙasa." Ba wanda ya ƙwarzane a cikin bas ɗin. Fasinjojin ne ma suka zaro su, kuma ya ji da kunnensa Oga yana kalmar shahada kafin shi ya suma.

Sauran ya ji ne bayan ya warke, da ya koma Mokwa neman kabarin. Limamin wani masallaci na kusa da tasha ne ya yi masa wanka da hannunsa, wani mai shago ya ba da likkafani ya ƙi karɓar kuɗi, direbobi da masu shayi da mutanen unguwa suka cika sahu, har da wasu daga cikin fasinjojin da suka fasa tafiyarsu sai da aka rufe shi.

Babba ya kifa kansa a cinyar kawunsa ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar, da ƙarfi, ruri na teku yana rufe shi. Yaya ya hana ni rarrashinsa, ya ce bar shi ya fitar. Ni kuwa wani sanyi ne ya sauka a ƙirjina. Watanni ina roƙon Allah ya nuna mini gaskiyar yadda bawansa ya cika, ina zaton a mafarki zan gani, ashe amsar tana wurin wani yaro mai sanda a Legas, kuma sai na bi ta kan maganar mutane na yi tafiyar da suka ce kada in yi sannan zan same ta.

Da la'asar masunta suka fara jan taru daga cikin teku, mutum da yawa a igiya ɗaya suna waƙa suna ja da baya. Babba ya share fuska ya je ya kama igiyar tare da su, har tafin hannunsa ya yi ja. Suka ba shi kifi a leda. A mota da muke komowa shi ya yi ta surutu, yana tambayar kawunsa yadda jirgin ruwa yake sanin hanya, da inda ake koyon tuƙa shi. Yaya ya ce akwai makarantar horon ma'aikatan jiragen ruwa a Oron ta jihar Akwa Ibom, amma ba a ɗaukar wanda ya gudu daga aji biyu.

Daren shiga 2024 Agege ba ta yi barci ba. Coci-coci suna ta waƙa har sha biyu, yara suna fasa abin wasan wuta, sama tana walƙiya. Ni ina ɗaki a kan sallaya, yaran suna waje da 'ya'yan maƙwabta, ina jiyo dariyar Babba a cikin tasu. Kwana kaɗan bayan haka muka juyo, da buhun garin kwaki da kwakwa da kwandon goro na surukata. Da na zauna na ba ta labarin bas ɗin nan, ta sa aka kira ƙannensa da matan gidan duka ta ce in maimaita a gabansu. Tun daga ranar ban sake jin maganar barci a bakin kowa ba.

Da kuɗin adashen na sayi keken ɗinki na zamani, Anti tana turo mini leshi daga kasuwar Balogun, ni ina tura mata turaren wuta da yaji. Babba ya koma makaranta. Bayan ƙaramar sallar 2024 kawunsa ya zo ya ɗauke shi suka je Mokwa, ya ga kabarin mahaifinsa, ya gaishe da limamin.

A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa cikin dare, ta share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutum fiye da 150 suka rasu. Da na ji a rediyo jikina ya ɗauki rawa, domin mutanen da suka suturta mini miji ne. Na ajiye ɗinkin sallar mutane, na bi gidajen unguwarmu da na dangi, muka tara zannuwa da kayan yara da abin da ya samu na hatsi, na ɗinka hijabai da yadin da nake da shi. Yaron motar, wanda yanzu ƙafa ta yi ƙwari har an ba shi mota, shi ya biyo ya ɗauka. Da ya isa ya kira ni ya ce limamin yana nan da ransa da iyalinsa, gidansa ne ruwa ya ci, kuma a hannunsa ya damƙa kayan ya raba.